Shaho Mai Gadin Jiragen Yaƙi

Abin mamaki ba ya ƙarewa. Jirgin yaƙin da aka kashe dukiya mai ɗimbin yawa wajen ƙera shi, sai ga ɗan tsuntsu ya zama ajalinsa. Dalili kuwa shi ne injin jirgi zuƙar iska yake yi, idan ya haɗa da tsuntsu sai farfelolinsa su kakkarye. A shekarar 1995, a sansanin Elmendorf da ke Alaska ta ƙasar Amurka, wani jirgin soja ya yi karo da garken dinya yana tashi, ya faɗi, mutum 24 suka halaka.

An gwada harbi a iska da ƙararraki iri-iri, amma tsuntsu ba wawa ba ne. Da zarar ya gane ƙarar ba ta kisa, sai ya komo kiwonsa. Shaho kuwa ba a sabawa da shi, domin tsoronsa a jini yake. Saboda haka sojojin ruwan Ingila suka soma aiki da shi a Lossiemouth ta Sikotland a 1965. A 1968 kuma masanin dabbobin nan, Félix Rodríguez de la Fuente, ya kai shahuna sansanin Torrejón kusa da Madrid, don korar wani ƙaramin tuje da ya addabi matuƙa. Sunan shirin Baharí, watau daga kalmar Larabcin nan da muka ara muke cewa Bahar Maliya. Ɗaliban nazarin harshe sai su lura.

A ganina, masu cewa wannan dabara ta tsufa ba su yi adalci ba. Makami ne da ba ya zuba guba a ƙasa, kuma kora ce aikinsa fiye da kisa. Sai dai kada mu zuzuta shi fiye da kima. Shaho ba ya aiki da dare, ko cikin hazo da ruwan sama mai ƙarfi, ko lokacin da yake sake gashi, ga shi kuma yana bukatar gwani mai kula da shi kullum. Manyan tsuntsaye irin su ungulu ba su cika damuwa da shi ba. Muddin akwai juji ko mahauta ko kududdufi kusa da titin jirgi, tsuntsun da aka kora da safe zai dawo kafin la'asar. Don haka kwamandan da ya ɗauki mai shaho aiki, wajibi ne ya fara kawar da jujin tukuna.