Kafin a Sayo Famfon Insulin: Abin da Birtaniya ta Gano

A Bompai, kamar a Sharaɗa da Challawa, mai masana'anta ba ya sayo inji daga Jamus ko Chaina sai ya tambayi abu biyu: wa zai koya wa ma'aikata sarrafa shi, kuma ina za a riƙa samun kayan gyaransa. Wanda ya tsallake waɗannan tambayoyi, injinsa a ƙarƙashin tamfol yake ƙarewa. Amma idan ciwon suga ya kama ɗa ko 'ya, tausayi kan sa iyaye su manta da wannan ƙa'ida. A ji labarin wata na'ura a Dubai ko Alƙahira, a sayo, a dawo Kano, sannan a fara cigiyar likitan da ya san ta.

Na'urar ita ce famfon insulin. Ba ta kai girman wayar hannu ba. Tana ɗiga insulin mai saurin aiki dare da rana ta wani siririn bututu da ake sakawa a ƙarƙashin fata, idan an zo cin abinci kuma mai ita ya ƙara gwargwadon abin da zai ci. An fi amfani da ita ga masu ciwon suga nau'i na 1, wanda yakan fara tun ana yara, jiki ya daina yin insulin. Galibin masu suga a wajenmu nau'i na 2 gare su, kuma yawancinsu ba sa buƙatarta.

A 2017 mujallar likitoci ta BMJ ta buga sakamakon wani bincike mai suna REPOSE, wanda Farfesa Simon Heller na Jami'ar Sheffield ya jagoranta. An ɗauki manya masu nau'i na 1 a Ingila da Sikotilan aka kasa su biyu, wasu aka ba su famfo, wasu suka ci gaba da allura sau da yawa a rana. Dukkansu aka sa su a aji iri ɗaya mai suna DAFNE, kwana 5 ana koya musu ƙiyasta sitacin da ke cikin abinci da daidaita insulin da shi. Bayan shekara 2, suga ya gyaru a ɓangarorin biyu, faɗuwar suga mai tsanani ta ragu sosai, kuma ratar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Masu famfo sun fi jin daɗin rayuwa ta wasu fuskoki, wannan gaskiya ne. Amma babban aikin, karatun ne ya yi shi.

Daga baya na'urorin sun ci gaba. Yanzu akwai waɗanda ke haɗe da ma'aunin suga da ke manne a jiki, suna ƙara insulin ko su rage da kansu, kuma amfaninsu a fili yake. A Disamba 2023 hukumar NICE ta amince a riƙa bayar da irinsu a asibitocin gwamnatin Ingila, ga yara, da masu juna biyu, da manyan da sugansu ya ƙi saituwa. Duk da haka shekara 5 aka ɗiba don shirin ya game ƙasar, kuma cikin dalilan akwai horar da ma'aikata. Ƙasar da ke da kuɗi da ƙwararru ke nan.

To, mu fa? Bututun nan ana canza shi duk kwana 2 ko 3, ma'aunin jiki ma yana da wa'adi, kuma duk daga waje ake kawo su da dala. Famfo ba ya amfani da insulin mai dogon zango, don haka idan bututu ya toshe ko kaya suka yanke, cikin 'yan sa'o'i jini zai iya yin tsami, abin da likitoci ke kira DKA, wanda ke kisa. Ga zafi: masu ƙera famfo suna gargaɗin a zubar da insulin ɗin ciki idan ya sha zafin da ya wuce digiri 37, alhali Kano a Afirilu tana haura 40, balle ma'aikacin da ke tsaye gaban injin narka roba. Shi kuwa insulin na kwalba da na alƙalamin allura, binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna yana riƙe ƙarfinsa mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Akwai kuma batun wuta: famfon Tandem t:slim caji ake yi mata, MiniMed 780G batir ƙwaya ɗaya take ci, Omnipod ba ta da igiyar bututu amma duk kwana 3 ake jefar da ita a manna sabuwa.

Ba na hana kowa saye. Yaron da suga ke faɗi masa cikin dare, famfo na iya zama rahama gare shi da mahaifiyarsa. Amma Alhaji, kafin ka biya, ka je asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ka zauna da likitan suga. Ka tabbatar akwai wanda za a kira da tsakar dare, akwai kayan watanni a ajiye, kuma alƙalamin allura na nan a gida saboda ranar da na'ura ta tsaya. Masu masana'antun Bompai da ke son yin sadaka mai gudana kuma, su ɗauki nauyin aji irin na DAFNE da Hausa, wanda zai koya wa yaranmu ƙiyasta tuwo da fura da shinkafa.