Bulala Ba Ta Maganin Fitsarin Kwance

Bayan haka, wajibi ne malamai masu almajirai da iyayen yara su san wannan: riƙe bawali aikin jijiya ne, tsoron bulala ba ya sa shi.

Mafitsarar babban mutum tana ɗaukar wajen rabin lita. Kadan ta soma cika, sai jijiyoyinta su aika labari ta cikin laka, watau igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, har ya kai gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. Can akwai wani ɗan gurbi wanda Barrington, wani likitan Ingila, ya bayyana a 1925. Shi ne sarkin ƙofa. In hankali ya ce wurin bai dace ba, ƙofa ta zauna a rufe. In ya yi izini, umurni ya sauko ta laka, ya fita ta jijiyoyin tsatso, sai mafitsara ta matse, tsokar bakinta ta saki, lokaci guda.

Fatake sun ga shaidar wannan. Wanda ya faɗo daga kan lori lakarsa ta yanke, hankalinsa garau, amma bawali ya fi ƙarfinsa, gama labari ba ya hawa, umurni ba ya sauka.

Jariri ma ba a haifarsa da wannan iko, sannu a hankali yake samuwa, na rana ya riga na dare. Likitoci ba su lissafa fitsarin kwance cikin cuta sai yaro ya cika shekara 5, sa'an nan ma wajen 15 cikin 100 suna yi, galibinsu kuwa su daina da kansu. To, wanda saƙo bai tashe shi daga barci ba, ina laifinsa? Wani ya ce an doki wane ya daina. Girma ne ya warkar da shi, aka yaba wa bulala.

Risala ta Ibn Abi Zaid ta sanya alwala ga kowace salla mustahabbi ce kawai ga mai salasin bawali. In shari'a ta yi wa baligi rangwame, balle yaro.

Saboda haka a bar duka da tozarci. Yaro ya rage shan ruwa dab da barci, ya kewaya kafin ya kwanta. In akwai jini, ko zafi, ko yawan ƙishirwa, ko ya koma yi bayan ya daina, a kai shi asibiti.

Allah ya sa a gane. Haza wassalam.