Awon Jimirin Mai Ciwon Huhu

Jama'a, zancenmu na wannan mako a kan wata dabara ce ta likitoci, wadda in wani ya gani sai ya ce wahal da majiyyaci a ke yi a banza.

Akwai wani ciwon ƙirji da likitoci ke kira COPD, watau hanyoyin iska na huhu su ƙuntata, tari da majina su ƙi ƙarewa, mutum ya riƙa haki ko a ɗan hawa. Shan taba ne babban sanadinsa, sa'an nan hayaƙin itace irin wanda matanmu ke shaƙa a bakin murhu shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ya kashe mutum fiye da miliyan 3.

To, in majiyyaci yana zaune, ciwon ya kan ɓuya, in an tambaye shi kuwa sai ya ce da sauƙi. Saboda haka a 1976 waɗansu likitoci a Birtaniya suka fara sa masu ciwon su yi tafiyar minti 12, a auna nisan da suka ci. A 1982 aka ga minti 6 ma ya isa.

Ga yadda a ke yi. A kan sami doguwar baranda mai tsawon mita 30, majiyyaci ya yi ta kai da kawowa iyakar ƙoƙarinsa, ban da gudu. In ya gaji ya tsaya ya huta, amma agogo ba ya tsayawa. A kan maƙala masa 'yar na'ura a yatsa, mai nuna bugun zuciya da iskar da ke cikin jini. In ƙirji ya kama ciwo, nan take a bari. Lafiyayye ya kan ci mita 400 zuwa 700. Wanda ya kasa 350, likita ya san sai an ƙara tsaya masa. Bayan magani a kan sake awo. In an sami ƙarin kamar mita 30, an ci gaba.

Malamai da akawuna, ku gaya wa dattawanmu kada su ƙi wannan awo. Mai gudun haki ya kan zauna, zama ya kashe masa ƙafafu, haki kuwa ya ƙaru. Tafiya kaɗan kaɗan bisa shawarar likita tana cikin magani.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.