Lemon Gida Ya Fi Na Kwalba

A watan Fabrairu da Maris zafi yakan tsananta a Duwala. Yara sukan taso daga makaranta riguna sun jiƙe da gumi, maƙogwaro ya bushe. Da yawansu sai su ruga kanti su sayi lemon kwalba. Wannan ba dabara ba ce. Yawancinsa ruwa ne da sukari da kala, ba ya ƙara wa jiki lafiya.

Ga abarba da gwanda nan a kasuwar Sandaga, ana kawo su daga Njombe da Penja. A New Bell da Logbaba, uwa takan matse abarba, ta sa lemun tsami da 'yar citta. Wata kuma takan dafa zoɓo, wanda ake kira folere. Irin wannan lemo yana kashe ƙishirwa, ga bitamin, ga araha.

Amma fa sai da ruwa mai tsabta. A shekarar 2004 cutar kwalara ta kama dubban mutane a Duwala, kuma gurɓataccen ruwa ne ke yaɗa ta. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Saboda haka a tafasa ruwa, a wanke hannu da 'ya'yan itacen, a rufe kwano saboda ƙudaje. Rigakafi ya fi magani.