Gardamar Sabon Fasalin Motoci: Kyaun Gani Ko Sauƙin Tuƙi?

Ran 2 ga watan Disamba, 2024, kamfanin Jaguar na Ingila ya baje wata mota a birnin Miyami na ƙasar Amurka, wadda ya raɗa wa suna Type 00. Mota ce mai dogon gaba, mai faffaɗan jiki kamar an sassaƙe ta da gizago, ba ta da gilashin baya, ƙofofinta kuwa sama suke ɗagawa. An nuna guda biyu, ɗaya ruwan hoda, ɗaya shuɗiya. Makonni biyu kafin wannan rana kamfanin ya saki wani talla wanda babu mota ko ɗaya a cikinsa, har Elon Musk, shugaban kamfanin Tesla, ya tambaye su ko suna ma sayar da motoci. Tun daga nan masu sha'awar motoci suka rabu gida biyu, waɗansu suna cewa an yi wa Jaguar kisan mummuƙe, waɗansu suna cewa da ma abin da take bukata ke nan.

Ya kamata masu karatu su san cewa wannan mota ba ta sayarwa ba ce. Irin motar nan ce ta nuni, watau wadda kamfani yake ƙera guda ɗaya ko biyu domin ya nuna wa jama'a inda ya dosa, sa'an nan ya kasa kunne ya ji abin da za su ce. Al'adar ta daɗe. Galibi ana lissafa Buick Y-Job, wadda Harley Earl na kamfanin General Motors ya jagoranci ƙerawa a 1938, a matsayin ta farko. Saboda haka idan motar nuni ta jawo surutu, to, ta yi rabin aikin da aka ƙera ta dominsa.

Masu suka sun kafa hujja da tarihi. Sun ce kamfanin da ya fito da E-Type a Janiba a 1961, motar da har yau ake sa ta cikin mafi kyaun da aka taɓa ƙerawa, bai kamata ya watsar da gadonsa ba. Amma lissafin kamfanin dabam ne. Jaguar, wadda kamfanin Tata na Indiya ya saya daga hannun Ford a 2008, ta sayar da motoci kusan 180,000 a 2018, amma a 2023 ba ta kai 70,000 ba. Ashe masu yabon tsohon fasali yabo kawai suke yi, da yawansu ba sa zuwa saye. Shugabannin kamfanin sun faɗa a fili cewa sababbin motocinsu za su yi aiki da lantarki, kuɗinsu zai haura fam 100,000, kuma ba su sa ran riƙe yawancin tsofaffin abokan cinikinsu ba. Watau dai waɗanda suka fi ɗaga murya ba su aka ƙera wa motar ba.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A 1982 kamfanin Ford ya fito da Sierra, mai mulmulallen jiki, a madadin Cortina mai kusurwoyi wadda mutanen Ingila suka saba da ita. An yi mata ba'a ƙwarai, cinikinta ya yi nauyi da farko, amma kafin shekara goma yawancin motocin Turai sun ɗauki irin wannan siffa. A 2001 kamfanin BMW na Jamus, a ƙarƙashin mai zane Chris Bangle, ya sake fasalin babbar motarsa, 7 Series. Magoya bayan kamfanin har takardar koke suka sa wa hannu domin a kore shi, alhali kuwa motar ta sayu fiye da waɗanda suka gabace ta. A 2019 kuma kamfanin ya nuna Concept 4 a Farankfut da wata ƙatuwar raga a gaba, aka sake yin ca, bai fasa ba, ya sa ragar a motar da ya fitar kasuwa a 2020.

Kada kuwa a ɗauka cewa kullum kamfani ne da gaskiya. Edsel, wadda Ford ya fitar a 1957 da wani irin hanci tsaye, jama'a suka ƙi ta, aka daina ƙera ta a ƙarshen 1959 bayan hasarar da ta kai dala miliyan 250. A ɗaya gefen kuma, Citroën DS ta bayyana a Paris a 1955 da siffar da ba a taɓa gani ba, aka yi odar 12,000 a rana ta farko. Abin da tarihi ya nuna shi ne, a kan batun kyau kaɗai, hayaniyar makon farko ba ta zama ma'auni ba. Ido yana sabawa da abin da ya ƙi jiya, wani lokaci kuma ya ƙi sabawa, babu mai iya faɗa tun da wuri.

Akwai kuma ƙorafin da aka fi ji, cewa motocin zamani duk sun zama iri ɗaya. Da ƙamshin gaskiya a nan, amma laifin ba na masu zane ba ne su kaɗai. Tun daga 2005 dokokin Tarayyar Turai suka tilasta a yi gaban mota yadda ba zai yi wa mai tafiya a ƙasa mummunan rauni ba idan an buge shi, wannan ya sa dole a bar sarari tsakanin murfin inji da injin, gaban mota ya ƙara tudu. Dokar kare fasinja idan mota ta kife ta sa ginshiƙan da ke riƙe rufi sun yi kauri. Sa'an nan ga iska. Mota mai aiki da batir, in jikinta bai ratsa iska da sauƙi ba, tafiyar da za ta yi kafin a sake caji sai ta ragu. Iska kuwa ba ta san sunan kamfani ba, siffa ɗaya take so, mai gangaren baya kamar ɗigon ruwa. Mai zane na yau yana aiki ne cikin ƙunci, shi ya sa yake huce haushinsa a kan fitilu da raga da launi.

Inda masu sha'awar motoci suka yi daidai sarai shi ne a cikin motar, ba a wajenta ba. Kamfanoni da yawa sun cire maɓallan da direba yake dannawa da hannu, suka tattara kome a kan allon gilashi da ake shafawa, domin ya fi kama da zamani, ya kuma fi araha wajen ƙira. Direbobi suka yi ta kuka cewa ba ya yiwuwa mutum ya ɗauke ido daga hanya yana laluben inda zai rage sanyi. An yi shekaru ana ɗaukar wannan a matsayin mitar tsofaffi. Daga baya ƙungiyar Euro NCAP, mai gwada amincin motoci a Turai, ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa rage wa mota maki idan babu maɓalli ko sanda na zahiri na sigina, da fitilun haɗari, da oda, da waifa, da kiran gaggawa. A 2025 shugaban sashen zane na Volkswagen, Andreas Mindt, ya yi alkawarin mayar da maɓallai a sababbin motocin kamfanin. A nan kam masu ƙorafi sun riga hukuma gani.

Haka nan kamfanin Renault na Faransa ya nuna cewa ana iya sauraron masu son tsohon fasali ba tare da an koma baya ba. A 2021 ya nuna motar nuni da aka zana bisa kamannin Renault 5 ta 1972, jama'a suka karɓe ta hannu biyu, ya fitar da ita kasuwa a 2024 tana aiki da lantarki, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai ta 2025.

Mai karatu yana iya cewa ina ruwanmu da gardamar Turawa. Da ruwanmu. Yawancin motocin da ma'aikaci yake iya saye a nan na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai ko Amurka. Abin da aka zana a can bana, shi ne zai iso garejin bakanikenmu bayan shekara goma ko fiye. Peugeot 504, wadda muka fi sani da Fijo, kamfanin zane na Pininfarina a Italiya ne ya tsara jikinta, ta fito a 1968, aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, aka yi kusan shekara 30 ana yi. Ba kyau kaɗai ya sa ta daɗe ba. Ƙasanta yana da tudu, direba yana ganin hanya ta ko'ina, kayan gyaranta kuwa ba su da wuyar samu. Motar da ba ta da gilashin baya sai kyamara, wadda in allonta ya mutu na'urar sanyi da waifa suka mutu tare da shi, wata magana ce dabam a ƙasar zafi da ƙura.

Saboda haka, duk lokacin da aka ji masu sha'awar motoci sun ta da jijiyar wuya, sai a bambanta ƙorafi biyu. In sun ce mota ba ta da kyau, a yi haƙuri a jira, kasuwa za ta raba gardama. In kuwa sun ce direba ba ya gani sosai, ko ba ya iya sarrafa ta sai ya sunkuya, ko gyaranta ya gagari kowa sai kamfani, to, lalle a saurare su. Ɗaliban da ke karatun injiniya da jami'an da ke sayo wa ma'aikatu motoci su ne suka fi cancanta su riƙe wannan bambanci, domin kyaun ɗan maciji ba ya hana shi sara.