A Koya Wa Malaman Jami'a Koyar Da Ɗalibin Da Ba Ya Gabansu

Daga Funtua zuwa Malumfashi akwai masu ƙishin digiri da ba za su iya tarewa a Zariya ko Dutsin-Ma shekara huɗu ba: malamin firamare mai NCE, ma'aikacin ƙaramar hukuma, matar aure mai goyo, saurayin da ke riƙe da gonar masara da audugar gidansu. Ƙofa a buɗe take gare su. Jami'ar karatu daga nesa ta NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, tana ɗaukar ɗalibai. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da cibiyar karatu daga nesa. Abin da ya yi ƙaranci, a ganin wannan jarida, shi ne malamin da aka horar domin wannan aiki.

Akasarin malaman jami'o'inmu a gaban allo suka ƙware. Rufe makarantu saboda korona a 2020 ya tona wannan giɓi. Da aka ce a koma intanet, wasu sai suka ɗauki hoton tsohon handawut suka tura WhatsApp, suka ce an yi darasi. Ɗalibi ya yi tambaya, mako ya zagayo ba amsa. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai, ba a taɓa nuna musu wata hanya ba.

Horon da muke nufi ya wuce bitar kwana biyu a otal da rabon kwamfuta. Malami ya koyi gutsura lacca zuwa gajerun saƙonnin murya da ƙaramar waya za ta sauke ba tare da cinye datar wata guda ba. Ya koyi duba aiki ya mayar da gyara cikin lokaci. Ya koyi shirya darasin da zai tsaya da ƙafarsa ko babu sabis. Mutanen wannan yanki sun san darajar hakan, domin a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Funtua, Bakori da Malumfashi. Takarda bugaggiya da rediyo suna nan da amfaninsu. Cibiyar NAERLS ta Samaru ta daɗe tana kai wa manoma ilimi ta rediyo da ƙasidu, jami'o'i su nemi darasi a wurinta. Haka kuma mai tsara jarrabawa ya san lokacin shuka da na kaka.

Ribar ba ta ɗalibin nesa ba ce kawai. Darasin da aka naɗa da kyau zai amfani na cikin aji, musamman inda ɗaruruwa ke cunkushe a zaure ɗaya, na baya ba ya jin malami. Idan malami ɗaya ya koyar da su biyun, manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya, raina takardar karatun nesa zai ragu.

Muna kira ga TETFund, da ke kashe kuɗi kan ƙaro ilimin malamai, ta ware kaso na musamman domin wannan horo. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta sa shi cikin sharuɗɗan amincewa da kwas. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma su lissafa shi wajen ƙarin girma, domin malami ba zai ba da ƙarfinsa ga aikin da ba a ƙirga masa ba. Gwamnatin jiha kuwa ta tanadi ɗakunan karatu masu sola da intanet a Funtua da Malumfashi, inda malami zai riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata ya gana da ɗalibansa ido da ido.