Wai ba a yi komai ba, mace ta haifi mace

A Nguru da Gashuwa, da zarar an ce matar wane ta sauka, tambayar farko ita ce, "Me aka samu?" In namiji ne, sai guɗa. In mace ce, kuma ta huɗu a jere, sai ka ji "To, Allah Ya raya" a sanyaye, dangin miji su koma gefe suna ƙus-ƙus: ai ita mata take haifa, gara ya ƙaro wata ko a samu magaji. Mai jego na kwance, ko wankan farko ba ta yi ba, an riga an yanke mata hukunci. Wannan zalunci ne, kuma jahilci ne ya haife shi.

Jikin ɗan Adam yana ɗauke da ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom guda 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Biyu daga cikinsu ne ke fayyace jinsi. Na mace X ne da X, na namiji X da Y. Saboda haka ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, ba ta da wani abin bayarwa sai shi. Maniyyin namiji ne ya rabu biyu, wani X, wani Y. Wanda ya riga shiga ƙwan shi ke nan: X ya ba da mace, Y ya ba da namiji. Tun 1905 wata masaniya Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ta gano wannan, kuma yau ɗan sakandare ma ana koya masa. Manomin da ya shuka gero a bakin Komadugu ba ya tuhumar gona don bai girbi dawa ba. Ba ina cewa a juya laifin kan miji ba, shi ma ba zaɓa yake yi ba, rabo ne daga Allah. Amma in har sai an nuna wani da yatsa, to ba matar ba ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu wannan magana suna ganin addini na bayansu. Wane addinin? 'Ya'yan Manzon Allah (SAW) maza, Alƙasim da Abdullahi da Ibrahim, duk sun rasu suna ƙanana. Zainab da Ruƙayya da Ummu Kulsum da Fatima ne suka girma, kuma ta tsatson Fatima zuriyarsa ta yaɗu a duniya. Masu yi masa gorin rashin magaji kafiran Makka ne. Suratun Nahli kuwa ta ambaci mutumin da fuskarsa ke baƙi in an yi masa albishir da 'ya mace, ta lissafa shi cikin halayen jahiliyya. A nan gida ma, cikin 'ya'yan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo nawa ne suka kai Nana Asma'u suna?

Kuma ɓarnar ba ta tsaya a ɓacin rai ba. Matar da ke tsoron kishiya ko saki sai ta dinga kwanika, haihuwa kan haihuwa, ta bakwai, ta tara, tana neman namiji. Jini ya ƙare, jiki ya gaji. Irinsu ne ake kwasowa daga ƙauyukan fadama cikin dare zuwa Asibitin Tarayya na Nguru suna zubar da jini, wasu ba sa kaiwa.

Haka ake yi wa wadda ba ta haihu ba. A kira ta juya, a ɗura mata saiwoyi da rubutu shekara da shekaru, alhali sau da yawa matsalar daga mijin take, kuma gwajin maniyyi ba wuya gare shi ba. Sai ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ya ƙi zuwa.

Limamanmu na Juma'a su hau mumbari su faɗi wannan ƙarara, don maza can suke taruwa. Ma'aikatan jinya kuma su daina yi wa mata kaɗai bayani a ranar awo, su ce kowace ta zo da mijinta ya ji da kunnensa.